Makaniken da Ke Murna Idan Mota Ta Ƙi Tashi

Ku da kuka zauna da Yaya Garba kun san ba mutum yake fara gaisarwa ba, tayar motarsa yake fara gaisarwa. Ka zo ƙofar gidansa ka tsaya, ka fito da fara'arka kana miƙa hannu, shi kuwa sai ya wuce ka kamar bai taɓa ganinka ba. Ya durƙusa, ya cusa guntun katakon nan nasa a ƙarƙashin taya, ya doke shi da dunduniya, sannan ya miƙe ya karkaɗe hannu ya ce, "To, yanzu salamu alaikum." Weji ke nan, abin da yaran manyan motoci ke tokare taya da shi don kada mota ta gangara. Nasa daga fasasshen turmin Innarmu ya sassaƙo shi, ya huda shi ya zura igiya, yana rataye da shi a kafaɗa duk inda za shi. Shi ya sa a Bompai in ka ce Abubakar ba wanda zai gane, sai ka ce Garba Weji.

Ni ne Inuwa, ƙanensa, uwa ɗaya uba ɗaya. Tun da aka fara zaman makokin nan kowa ya zo sai ya ce, "Allah sarki, mutum mai haƙuri." Haƙuri? Mu muka yi haƙuri, jama'a! An ce a faɗi alherin mamaci, kuma zan faɗa, amma ku bar ni in fara sauke abin da ke cikina. Mutumin nan saura ƙiris ya hana uwarmu zuwa Makka, a gabana aka yi, ba labari aka ba ni ba.

Kafin in kai ku can, sai kun san irin kan da muke fama da shi. Wata rana limamin garinmu na Challawa ya zo duba Inna ba ta da lafiya, ya jingine kekensa a jikin katanga. Yaya ya fito, ya tsuguna, ya tokare keken da weji. Na ji kunya ta kama ni har wuya.

Na ce, "Haba Yaya, keke ne fa. Keken Liman."

Ya ce, "Yana da taya ko ba shi da taya?"

"Yana da ita."

"To ƙarfe ba shi da dangi. Bai san liman ba, bai san ladan ba."

Wannan magana, ƙarfe ba shi da dangi, na ji ta har ta ishe ni. Amalanken mai ruwa ya sha weji. Baron 'yan gini ya sha weji. Ranar ɗaurin aurena motar da ta kawo dangin amarya sai da ta sha, suna ciki suna kallonsa, suna tambayar juna ko mahaukacin unguwa ne. Aka ce musu a'a, wan ango ne.

'Yan shekaru ne bayan samun mulkin kai. A lokacin Bompai ita ce wajen aiki, jiniya na kuka da safe, ma'aikata na kwarara a kan kekuna, ƙamshin soyayyar gyaɗa ya cika ko'ina har ya kama maka riga. Yaya shi ne makaniken kamfanin man gyaɗa na Alhaji Mamuda, yana kula da manyan motocin da ke kwaso gyaɗa daga ƙauyuka. Shi ya samo mini aikin tuƙa Alhaji, kuma wallahi da na san zan koma ƙarƙashin ikonsa ne safe da yamma, da noman rake na tsaya yi a bakin kogi.

Sai Alhaji ya sayo wata mota ta Amurka, baƙa, doguwa, gabanta kawai ya isa a shimfiɗa tabarma. Ba ta da kuloci. Wata 'yar sanda ce a jikin sitiyari, ka ja ta zuwa fakin, ko ribas, ko furi inda ba ta cikin giya, ko gaba, ko giyar hawa tudu, sauran aikin motar ce za ta yi. Ranar da aka kawo ta duk kamfanin ya fito kallo. Yaya ya tokare ta tukuna, sannan ya leƙa wajen ƙafar direba, ya daɗe yana leƙe.

Ya ce, "Ina kulocin?"

Na ce, "Babu. Da kanta take canja giya."

"Da kanta?"

"Da kanta."

"Da izinin wa?"

Aka kwashe da dariya, shi ko murmushi bai yi ba. Ya cire takalmi, ya kwanta rigingine a ƙasan sitiyari, ƙafafunsa a waje, ya wuni a nan yana bin wayoyi da ɗan ƙwan fitilarsa na gwaji. Abin da ke damunsa shi ne: mota mai kuloci in ka tashe ta a cikin giya, ƙafarka na kan kuloci, ba inda za ta. Wannan fa? In mutum ya manta ta a gaba ya murɗa mukulli, me zai hana ta zabura ta hau duk wanda ke tsaye? Sai can da la'asar ya fito, fuskarsa ta yi haske kamar an yi masa albishir. Ya gano wani ɗan makunni, bai fi kwalin ashana ba, ɗaure da sukurori biyu a gindin sandar sitiyari. Aikinsa kawai ya hana wuta kaiwa ga sitata mai tashin inji sai in sandar giya na kan fakin ko furi.

Ya ce, "Ashe tana da mai gadi. To, shi mai gadin wa ke gadinsa?"

Ai kuwa ya naɗa kansa. Tun daga ranar ba a fita da motar nan sai ya yi mata tambayoyi. Ya sa weji, ya kori duk wani mai rai daga gabanta da bayanta, har kajin mai gadin ƙofa, ya shiga ya danne birki da ƙafa, ya yi bismillah. Ya ja sanda zuwa ribas, ya murɗa mukulli, ya kasa kunne. Shiru. Sai ya shafa sitiyari ya ce, "Madalla, 'yar albarka." Ya kai ta gaba, ya murɗa. Shiru. "Madalla, 'yar albarka." Ya kai ta giyar hawa tudu, haka. Sai ya dawo furi ta tashi, ya kashe, ya koma fakin ta tashi, nan kuma ko yabo babu, sai ya fito ya miƙo mini mukulli yana ɓata rai kamar na ci bashinsa. Duk Kano shi kaɗai ne makaniken da na sani wanda ke murna idan mota ta ƙi tashi.

Wata safiya Alhaji na tsaye da jakarsa, baƙi na jiransa a cikin gari, ya gaji ya ce, "Malam Garba, ba jiya ka gwada ta ba?"

Yaya ko ɗagowa bai yi ba. Ya ce, "Jiya ma kun yi sallar asuba, Alhaji, amma na ga yau kun sake."

Alhaji ya yi dariya har da riƙe ciki. Shi dariya ce tasa. Ni ne zan kwashi motar in yi ta kutsawa tsakanin jakuna da kekuna don in rama lokacin da aka ɓata, in mun makara kuma ni ake harara.

Sai basillarsa. Kun san basilla, babbar allurar ɗinkin buhun gyaɗa. Shi wannan mai gadin yana da wani ɗan rami, kuma in ya zauna daidai, sanda na kan furi, ramin yakan haɗu da wani a cikinsa, sai siririn ƙarfe ya shige tsaf. In bai shige ba, to mai gadi ya goce, sai a sassauta sukurori a matsar da shi kaɗan kaɗan har ya shige, sannan a ɗaure. Akwai kayan aiki cike da akwati a kamfanin, Yaya ya ce duk ba su yi masa ba, basillar da ya tsinta a sito ita ce daidai ramin. Ran nan aka wayi gari basilla ta ɓata. Wayyo! Ya tsayar da aikin gareji cak. Ya sa leburori tankaɗe ɓawon gyaɗa. Ya sa aka zazzage buhunan da aka ɗinke. Ni da farin kakina na direban Alhaji, ina rarrafe a cikin baƙin mai ina laluben allura. Ya zargi kowa, har ya ce mai shayin bakin ƙofa ya juye aljihunsa. Muna cikin haka aka kira azahar, ya tsuguna alwala, ya kai hannu zai cire hula don shafar kai, sai muka ji "Wash!" Ga basilla soke a jikin hularsa, inda ya maƙale ta da kansa.

Muka yi tsit muna jiran ya ba da haƙuri. Ya dube ta, ya dube mu, ya ce, "Duk yawanku ba mai ido? Tun safe nake yawo da ita a gabanku!"

To, ga mutumin da Allah ya haɗa ni da shi. Yanzu ga maganar Makka.

Alhaji Mamuda yakan ba ɗaya daga cikin tsofaffin ma'aikatansa kujerar hajji, kuma a shekarar nan ta faɗo kan Yaya. A wancan zamanin a ce talaka zai hau jirgin sama ya je Makka ya dawo cikin 'yan makonni, ai abin a yi ta faɗa ne. Yaya ya yi godiya, ya ce a ba Inna. Alhaji ya ce ya yi tunani. Yaya ya ce ya gama.

Sai dai kun san Yaya ɗan fari ne, kuma Inna irin matan da ne masu kunyar ɗan fari ta gaske. Tunda ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba. "Wancan" take ce masa. Ba ta yi masa magana kai tsaye, shi ma ba ya yi mata in ban da gaisuwa, kansa a ƙasa. To wa ke kai saƙo? Ni. Suna zaune a tabarma ɗaya, sai ta ce, "Inuwa, ka tambayi wancan ko ya ci abinci." In juya in ce, "Wai ka ci abinci?" Ya ce, "Ka ce mata na ci." In sake juyawa. Haka na tashi, wuyana har ya saba. Maganar kujera ma ni na kai. Inna ta ja bakin mayafi ta rufe fuska, can ta ce, "Ka gaya wa wancan na ji. Kuma ka ce kada ya zo mini filin jirgi da hular nan tasa mai maiƙo."

Ranar tafiya Alhaji ya ce a ɗauki doguwar motar a kai ta, don girmamawa. An gaya wa maniyyata kowa ya hallara a filin jirgi kafin azahar, wanda aka kira sunansa ba ya nan, jirgi ba ya jiran kowa. Muka yi sammako daga Bompai, bayan an yi wa mota tambayoyinta ta amsa. Yaya ya sha sabuwar riga da sabuwar hula, weji a kafaɗa kamar kullum. A lokacin daga Sharada zuwa Challawa gonaki ne, hanya kuwa jar ƙasa ce mai gargada, motar na ta kakkarwa har haƙoranka su riƙa haɗuwa.

Muka iske gidan Inna cike. Mata na guɗa, maƙwabta na ba da saƙon addu'a, wannan ta ce a roƙa mata haihuwa, wancan ya ce a roƙa masa ruwan bana. Aka loda kaya a but, bayan mota: akwatin ƙarfe, buhun da aka ɗinke, ƙullin kuka da daddawa da yaji, don Inna ta ce ba ta san abin da Larabawa ke ci ba. Ta shiga baya ta zauna da carbinta. Na shiga, sanda na kan fakin, na murɗa mukulli.

Shiru.

Na kai furi, na murɗa. Shiru. Mata suka daina guɗa. Na danne birki na shiga jijjiga sandar nan ina murɗawa, ina salati, sai da ta faɗa gaba, kawai inji ya ɗauka, vuum, motar ta yi wani yunƙuri birki ya riƙe ta. Na ce, "Alhamdu lillahi! Yaya shigo mu tafi!"

Sai na ga hannu ya shigo ta taga, ya kashe mota, ya zare mukulli.

Na ce, "Me ke nan?"

Ya ce, "A gaba ta tashi."

"To ba ta tashi ba? Ai tashin muke nema!"

"Gargada ta gotar da mai gadi. Inda ya kamata ya buɗe ya rufe, inda ya kamata ya rufe ya buɗe. Ba inda motar nan za ta."

Jama'a, na ji kamar in kwanta a ƙasa in yi birgima. Na ce, "Yaya, ƙafata na kan birki. Zan tashe ta a haka, mu kai Inna, in mun dawo ka kwana a ƙarƙashinta in ka ga dama. Ba a fafe gora ranar tafiya!"

Ya ce, "In goran na yoyo fa?"

"Jirgi zai tashi!"

"Filin jirgi yau mutane ne kamar ƙasa. 'Yan rakiya, mata, yara. Ka shiga cikinsu da motar da ke tashi a giya? Ƙarfe ba shi da dangi."

"Kujerarka ce fa za ta salwanta! Kai ka ba ta!"

"Na sani."

Ya jefa mukullin a aljihun sabuwar rigarsa. Na juya wajen Inna ina neman agaji. Na ce, "Inna, ku yi masa magana, yau ɗaya dai." Ta ci gaba da jan carbi, idonta a kan bayan kujera. Can ta ce, "Ka tambayi wancan me yake nema."

Yaya ya kai hannu kan hula, sai na ga fuskarsa ta canja. Sabuwar hula ce. Basilla na can Bompai, soke a jikin mai maiƙon da aka hana shi sawa. Ya ce a hankali, "Ka ce mata basilla."

Aka bazama gida gida. Aka kawo allurar ɗinkin hula, ya ce ta yi siriri. Aka kawo ƙusa, ta yi kauri. Wani yaro ya kawo tsinken tsire, Yaya ya dube shi har yaron ya ruga. Rana kuwa sai hawa take, inuwar katanga na ta janyewa, ni ina ta zagaya mota ina tsaki. Sai Inna ta ce, "Ka gaya wa wancan akwai wadda na ɗinke buhu da ita. Tana cikin akwati."

"A ina a cikin akwatin, Inna?"

"A can ƙasa."

A can ƙasa! Muka sauke akwatin da muka sha wuyar ɗaurewa, muka baje kayan hajjin uwarmu a ƙofar gida gaban duk gari: zannuwa, buta, garin kunu, ƙullin kanwa, man shafawa, har da 'yar tukunya. Ga basilla naɗe a tsumma a kusurwa. Yaya ya karɓa da hannu biyu. Ya zare mukulli daga aljihu, ya tuɓe babbar rigar ya miƙa mini, ya tokare taya da weji, ya kori mutane gaba da baya, ya kwanta a ƙasan sitiyari da sukundireba. Ya ce in kai sanda furi in riƙe. Ina jinsa yana sassauta sukurori, yana matsar da abin kamar mai ɗura wa jariri magani, yana magana da shi ƙasa ƙasa. Ni gumi har cikin idona. Sai na ji ƙit, basilla ta shige. Ya ɗaure, ya zare ta, ya fito.

Na ce, "Mukulli."

Ya ce, "Ba a yi mata tambayoyi ba."

Inna lillahi! Ya zauna, ya danne birki. Ribas, shiru, "Madalla, 'yar albarka." Gaba, shiru, "Madalla, 'yar albarka." Yana yi yana jan kowace kalma kamar mai karatun allo. Furi ta tashi. Fakin ta tashi. Sai ya ce bari ya maimaita, don sau ɗaya sa'a ce. A nan ne na ce masa wata magana da ba zan maimaita a zaman makoki ba.

Aka tura kaya a akwati yadda suka samu shiga, Inna ta karɓi basillarta ta soke a gefen mayafi. Yaya ya zare weji ya ajiye a ƙasa don ya taya ɗaga akwatin, ya zagayo, ƙafarsa ɗaya na shiga na fizgi mota. Sai da muka kai gonakin Sharada ya shafa kafaɗa ya yi ihu.

"Tsaya! Weji! Mun bar weji!"

Na ce, "Ko Ka'aba aka ce tana Challawa ba zan juya ba."

"Inuwa, ka juya na ce!"

Daga baya Inna ta ce, "Ka gaya wa wancan in aka juya motar nan zan sauka in tafi Makka a ƙasa, yadda kakanninmu suka yi."

Ya haƙura, amma har muka ratsa gari yana ƙunƙuni, hannunsa na ta komawa kafaɗa.

Muka isa ana shirin kiran azahar. Filin ya cika maƙil kamar yadda ya faɗa. Na kutsa na sami wani gurbi, na taka birki, na kashe mota, na zare mukulli, na yi waje da gudu. Yaya ya ɗora akwati a ka, ni buhu, Inna na biye da mu tana haki. Muka iske wani ma'aikaci a bakin shinge, na ce masa don Allah kada a ce an kira suna. Ya dube mu ya yi hamma. Ya ce maniyyata su shiga sansani su huta, jirgin yana can ana duba injinsa, tashi sai gobe in Allah ya yarda.

Na sauke buhu na zauna a kansa. Yaya ya gyara akwati a ka, ya ce, "Ka gani? Shi ma mai jirgin yana yi wa nasa tambayoyi."

Da ba don idon jama'a ba, da ranar an ga ƙane ya shaƙe wansa.

'Yan rakiya ba sa wuce shinge, don haka a nan muka yi sallama. Inna ta yi mini nasiha, ta ce in riƙe iyalina, in rage zafin rai. Yaya na tsaye kusa da ita, da za ta miƙa hannu da ta taɓa shi. Ta kalli wani waje ta ce, "Ka gaya wa wancan..." Ta sake cewa, "Ka gaya masa na yafe masa duniya da lahira. Ka ce Allah ya yi masa albarka."

Yaya na kallon takalminsa. Ya ce, "Ka ce mata amin."

Na ce, "Wai ni kam ku biyun nan ba ku da kunnuwa ne?"

Ta shige. Yaya ya kama shingen ya tsaya yana bin bayanta da kallo, ni kuma na ce ba zan yi kuka a gaban mutane ba, na koma mota. Na shiga na rufe ƙofa, idona cike da hawaye, na buga totur kamar yadda na saba, na murɗa mukulli.

Shiru.

Wani baƙin ciki ya taso mini. Na leƙa ta taga na daka masa tsawa, "Ka ga aikinka ko? Ka wunar da mu a rana, ga ta ta sake mutuwa!"

Ya taho a hankali, idonsa jajur. Ya leƙo ya dubi sandar giya, ya nuna mini da yatsa. Tana kan gaba. A gaggawar fita a nan na bar ta. Ya buɗe ƙofa, ya kama hannun rigata, ya ja ni zuwa gaban motar.

Wata mata ce 'yar rakiya, ta ga inuwa a gaban doguwar mota, ta shimfiɗa zane daf da bamba. Ta kwantar da jaririnta yana barci, ita kuma ta jingina bayanta da ƙarfen tana yi masa fifita da murfin kwano. Daga kujerar direba ba yadda za a yi ka gan su. Ga ƙafata da ta buga totur. Ga weji can a ƙofar gida a Challawa.

Na zauna a ƙasa daɓas. Yaya ya gaishe da matar, ya roƙe ta ta matsa gindin wata bishiya, har ya taya ta ɗaukar kwanonta. Ba ta ma san me ya faru ba, ta tafi tana mita an tashe ta daga inuwa. Ya dawo ya ɗora tafin hannunsa a kan motar, ya shafa ta, ya ce ƙasa ƙasa, "Madalla, 'yar albarka."

Na sunkuyar da kai ina jiran wa'azi, don na san yau sai na sha ƙarfe ba shi da dangi har Bompai. Ya dube ni ya ce, "Da ka bari mun koma mun ɗauko weji."

Kun ji fa. Mutumin da ake ce wa mai haƙuri.

Inna ta sauke farali ta dawo lafiya, da haƙorin Makka da dabino da zamzam. Da aka gama rabon tsaraba ta kwance gefen mayafinta ta zaro basilla ta miƙo mini. Ta ce, "Ka ba wancan. Ka ce ta yi ɗawafi." Tun daga ranar ya ajiye tsohuwar, wannan ya soke a hularsa, kuma sunanta Hajiya. In yaro ya ce miƙo basilla, sai ya ce, "Kai, ba ka da kunya? Ka ce Hajiya." Kujera ba ta sake zagayowa kansa ba, shi kuma bai taɓa tara abin da zai kai shi ba. In aka yi masa zancen, sai ya taɓa hula ya ce ai gidansu an je.

Shekaranjiya da muka kai shi, motar da ta ɗauko makara ta tsaya a ƙofar maƙabarta. Wurin a shimfiɗe yake kamar faifai, ko ƙwallo ka ajiye ba zai gangara ba. Mutane suka matso za su sauke shi, sai na ji bakina ya ce, "Ku dakata." Ban san lokacin da na ɗauko shi daga bayan ƙofar ɗakinsa ba, sai ga shi a kafaɗata. Na durƙusa da waɗannan gwiwoyin nawa da ba sa lanƙwasuwa, na cusa shi ƙarƙashin taya, na doke shi da dunduniya. Sannan na ce, "To Yaya, yanzu salamu alaikum."

Allah ya jiƙan Abubakar ɗan Inna. Yau ba mai kunyar kiran sunanka, kuma ba ka bukatar ɗan aike. Allah ya rubuta maka ladan hajjin da ka bayar, ya tsare ka daga wuta kamar yadda ka tsare 'ya'yan mutane da ba ka ma san sunansu ba, ya haɗa ka da Inna a inda za ta dube ka ido da ido ta sa maka albarka da bakinta. Amin.